Hali Zanen Dutse: Tarihin Yadda Lokaci Ya Samu Gurbi a Zanen Manhaja

Ranar 4 ga Yulin 1997, kumbon Pathfinder na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ya sauka a duniyar Mars ɗauke da wata 'yar ƙaramar mota mai suna Sojourner. Hotuna suka fara zuwa, duniya ta ɗauka. Bayan 'yan kwanaki sai kwamfutar kumbon ta ɓullo da wata ɗabi'a: tana cikin aiki sai ta kashe kanta ta sake tashi. Duk lokacin da hakan ta faru, ayyukan da aka tsara wa sauran wannan yini sun tafi ke nan, sai gobe. Ga shi kumbon yana nesa da mu da kusan kilomita miliyan 190, saƙon rediyo ma sai ya yi minti goma a hanya kafin ya isa.

Abin mamakin shi ne, da za ka ɗauki kowane ɓangare na manhajar ka gwada shi shi kaɗai, ba za ka ga laifinsa ba. Mai tattara bayanan yanayi yana tattarawa daidai. Mai rarraba saƙonni yana rarrabawa daidai. Kowa na yin aikinsa, sai dai wani bai gama a kan lokaci ba.

Watanni huɗu bayan haka, a Nuwamban 1997, wata ƙungiyar kamfanonin manhaja mai suna OMG ta amince da UML a matsayin harshen bai-ɗaya na zana manhaja kafin a rubuta ta. Da injiniyoyin Pathfinder sun zana manhajarsu da wannan sabon harshe, da zanen bai nuna musu matsalar ba, domin babu inda aka tanada a cikinsa don rubuta lokaci ta yadda na'ura za ta iya lissafa shi. Wannan rubutu tarihin wannan giɓi ne, da yadda aka shafe shekaru ana ƙoƙarin cike shi.

Aiki daban, hali daban

Masu nazarin manhaja sun raba abin da ake buƙata daga gare ta gida biyu. Na farko shi ne aikinta: idan na danna nan, kuɗi su bar asusuna su shiga na wane. Na biyu shi ne yadda take yin aikin: cikin sakan nawa, mutum nawa za ta iya ɗauka a lokaci guda, sau nawa take faɗuwa a wata, batir nawa take ci, wa zai iya kutsawa cikinta. A wannan rubutu zan kira kashi na biyun "hali", wato halin manhaja.

Duk wanda ya rayu a Najeriya a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ya san bambancin ba sai an yi masa dogon bayani ba. Jama'a sun koma tura kuɗi ta waya a lokaci guda. Manhajojin ba su manta yadda ake tura kuɗi ba, amma ka tura da safe, mai shago ya riƙe kayanka har la'asar yana jiran alat. Aikin yana nan, halin ne ya gaza.

Wani lokaci kuma abin ya wuce jira a gaban shago. Ranar 25 ga Fabrairun 1991, lokacin yaƙin Gulf, na'urar kakkaɓo makamai masu linzami ta Patriot da ke Dahran a Saudiyya ta kasa tare wani makamin Scud, ya faɗa kan masaukin sojojin Amurka ya kashe 28. Agogon cikin na'urar yana ƙidaya lokaci ne da kashi ɗaya bisa goma na sakan, adadin da kwamfuta ba ta iya rubuta shi cif-cif a tsarin sifili da ɗaya, don haka kowace ƙidaya tana zuwa da ɗan kuskure ƙanƙani. Na'urar ta yi kusan awa 100 a kunne, kuskuren ya taru ya kai sakan 0.34. A gudun Scud, wannan ya fi rabin kilomita. Sai na'urar ta duba inda makamin ba ya nan, ta ɗauka babu komai. Waɗanda suka ƙera ta ba su zaci za a bar ta a kunne tsawon haka ba, kuma wannan zato yana cikin kawunansu ne, ba a jikin na'urar ba.

Hausawa sun ce hali zanen dutse. A manhaja ma kusan haka abin yake. Idan maɓalli ɗaya ba ya aiki, a gyara layi goma na kod a wuce wajen. Amma jinkiri ko yawan faɗuwa galibi daga tsarin ginin gaba ɗaya suke fitowa: yadda aka raba ayyuka, wa ke jiran wa, ina aka ajiye bayanai. Kafin a gane, an riga an yi ginin.

Lissafin ya riga zanen zuwa

To, ba wai ba a san yadda ake lissafa waɗannan abubuwa ba ne. An sani tun da daɗewa.

A 1973, C. L. Liu na jami'ar MIT da James Layland suka wallafa wata maƙala da har yau ake koyar da ita. Tambayarsu ita ce: idan kwamfuta ɗaya tana da ayyuka da yawa masu maimaituwa, kowanne da wa'adinsa, yaushe za mu tabbata babu wanda zai makara? Suka nuna cewa idan aka bai wa aikin da ya fi yawan maimaituwa fifiko mafi girma, to akwai wata iyaka da muddin nauyin da ke kan kwamfutar bai wuce ta ba, kowa zai gama a kan kari. Ga ayyuka biyu iyakar kusan kashi 83 cikin ɗari ce, ga uku kusan kashi 78, idan ayyukan suka yi yawa sosai sai ta sauko zuwa kusan kashi 69.

Bari mu gwada. Aiki na farko yana cin milisakan 10 a kowane milisakan 50, wato kashi 20. Na biyu yana cin 30 a kowane 120, kashi 25. Na uku yana cin 60 a kowane 200, kashi 30. Jimla kashi 75, bai kai 78 ba. Ba tare da ka kunna kwamfutar ba, ka riga ka san babu aikin da zai makara. Wani abin lura: Layland ma'aikacin JPL ne a Kalifoniya, cibiyar da ta ƙera Pathfinder shekaru ashirin da ɗoriya bayan haka.

Sai dai lissafin nasu yana da sharaɗi, cewa ayyukan ba sa jiran juna. A nan Pathfinder ya yi tuntuɓe.

Ka ƙaddara wani ofis mai teburi ɗaya tak, kuma dokar ofishin ita ce duk wanda ya fi matsayi shi zai zauna. Akwai littafin rajista guda ɗaya, wanda idan mutum ya fara rubutu a ciki ba a karɓewa sai ya gama. Masinja ya zauna ya fara rubutu. Manaja ya shigo, masinja ya tashi, amma manaja littafin yake so, littafin kuwa yana hannun masinja bai ƙarasa ba. Manaja ya koma gefe yana jira. Kafin masinja ya sake zama, sai ga akawu. Akawu ya fi masinja matsayi kuma ba ruwansa da littafin, sai ya hau teburin. Ya tashi, wani akawun ya zauna. Masinja bai samu zama ba balle ya gama, manaja kuwa yana tsaye. Ka ga a zahiri akawu ya sha gaban manaja, alhali doka ba ta ce haka ba. Wannan ake kira juyewar fifiko.

A cikin Pathfinder, manajan shi ne aikin rarraba saƙonni tsakanin na'urorin kumbon, wanda dole ya kammala a kowane zagaye, sau takwas a sakan. Masinjan shi ne aikin tattara bayanan yanayi. Akwai kuma wani aiki da ke sa ido: idan ya ga mai rarrabawa bai gama ba har zagaye ya cika, sai ya ɗauka wata babbar matsala ta auku, ya sake tayar da kwamfutar gaba ɗaya. Abin da ya yi ta faruwa ke nan.

Maganin ma an riga an san shi. A 1990, Lui Sha da Ragunathan Rajkumar da John Lehoczky sun wallafa shi dalla-dalla: muddin masinja na riƙe da abin da manaja ke jira, a ara masa matsayin manaja har ya gama. Sun kuma nuna yadda za a saka lokacin jiran cikin lissafin Liu da Layland. Tsarin VxWorks da kumbon ke amfani da shi yana da wannan dabara a ciki, amma ba a kunna ta ba a kan wannan makullin. Tawagar Glenn Reeves a JPL ta yi ta gwaji a kan tagwayen kumbon da ke ɗakin bincike har matsalar ta sake bayyana cikin ƙasa da awa 18, suka gano ta, suka tura gyara zuwa Mars. Kumbon da aka yi wa kiyasin wata ɗaya ya ci gaba da aiki har 27 ga Satumba. Abin da ya cece su shi ne sun bar kayan bin sawun kuskure a cikin manhajar da ta tashi, ba su cire ba.

A ɓangaren manhajojin kasuwanci kuma, inda damuwar ita ce cunkoso, lissafin ya ma fi tsufa. Agner Erlang, wani masanin lissafi a kamfanin tarho na Kwapanhagan, ya fara shi tun 1909. Misali mafi sauƙi a wannan fanni yana cewa: idan ma'aikaci ɗaya yana sallamar mutum a minti ɗaya, mutane kuma suna zuwa babu tsari, to idan yana cikin aiki rabin lokacinsa, kowa zai ɓata kusan minti biyu. Idan aikin ya kai kashi 90 na lokacinsa, minti goma. Idan ya kai kashi 99, minti ɗari. Shi ya sa manhajar da ke lafiya lau jiya take durƙushewa yau don masu amfani da ita sun ɗan ƙaru. Connie Smith ta kawo wannan tunani cikin ginin manhaja tun farkon shekarun 1980, ta kuma fitar da littafi a kai a 1990, inda ta soki al'adar "a gina tukuna, a gyara sauri daga baya".

Wato dai ya zuwa 1997 masana lissafi na da amsoshi. Matsalar ita ce suna wani ɗaki, masu zana manhaja suna wani ɗakin.

Zanen da ba shi da agogo

Tunanin zana manhaja kafin a rubuta ta aro ne daga magina da injiniyoyi. A farkon shekarun 1990 hanyoyin zanen sun yi yawa har sun haura hamsin, kowane malami da alamominsa. Kamfanin Rational ya haɗa uku daga cikin manyansu: Grady Booch, da James Rumbaugh da ya zo a 1994, da Ivar Jacobson da ya zo a 1995. Daga haɗuwarsu UML ta fito.

UML ta iya nuna sassan manhaja da dangantakarsu, da wa ke aika wa wa saƙo, da matakan da abu ke bi. Idan kana so ka ce "amsa ta dawo cikin sakan biyu", za ka iya rubuta shi a gefen zanen, amma rubutu ne kawai, kamar yadda magini zai rubuta "a yi shi da ƙarfi" a gefen taswirar gida. Mutum zai karanta, na'ura ba ta san me ake nufi ba. Sakan biyu a kullum, ko a mafi yawan lokuta? A kan wace kwamfuta? Mutum nawa ke amfani da ita a lokacin?

A 2001 OMG ta ƙara ɗaga buri da wani shiri mai suna MDA. Manufar ita ce zanen ya daina zama hoton bango, ya zama shi ne asalin manhajar. Injiniya zai yi zanen da bai damu da irin kwamfutar da za a ɗora shi a kai ba, sai wata manhaja ta juya shi zuwa zanen da ya dace da takamaimiyar na'ura, daga nan ta fitar da kod da kanta. Wannan shi ne tushen abin da ake kira injiniyanci bisa zane.

Tunanin yana da kyau, amma duba inda gizo ke saƙar. Biyu a tara da biyu huɗu ne a kowace kwamfuta. Tsawon lokacin da za a ɗauka kafin a samu huɗun kuwa ya dogara kacokan ga kwamfutar: saurin furosesa, girman ma'ajiya, faɗin hanyar sadarwa. Wato abin da MDA ta ce a ajiye gefe, a can halin manhaja yake zaune. Bran Selic, wani injiniya a Kanada da ya daɗe yana aikin manhajojin musayar tarho, yana cikin waɗanda suka yi ta nanata cewa manhaja ma tana da kayan gini kamar gada, kuma ba a zana gada ba tare da sanin ƙarfin ƙarfen ba.

Daga nan hanya ta rabu uku.

Hanya ta farko: a yi wa UML ƙari

UML tana da wata ƙofa da ke ba da damar ƙara mata sababbin alamomi don wani fanni na musamman. Ta wannan ƙofa, a 2002, OMG ta amince da wani ƙari mai suna SPT, wanda Selic ke cikin jagororinsa. A karon farko ana iya liƙa wa zane bayanai irin su wa'adin aiki, da yawan maimaituwarsa, da fifikonsa, a tsarin da na'ura za ta iya karantawa. Masu bincike irin su Murray Woodside da Dorina Petriu a jami'ar Carleton ta Ottawa suka gina hanyoyin da ke ɗaukar irin wannan zane su juya shi zuwa lissafin layin jira, jikan na Erlang, su faɗa maka inda cunkoso zai fara tun ba a rubuta kod ba.

SPT ta yi ƙunci, ba ta barin ka ƙirƙiri sabon ma'auni cikin sauƙi. Sai aka maye gurbinta da MARTE, wadda sigarta ta farko ta fito a 2009, da hannun cibiyoyin Faransa irin su CEA da INRIA da kamfanin Thales. Abin da ya fi burge ni a MARTE ƙaramin abu ne: ba ta ɗaukar lamba tsirararta a matsayin cikakken bayani. Idan ka rubuta 5, akwai gurbin ma'auni: milisakan ne ko sakan? Akwai gurbin nau'i: mafi yawa ne, mafi ƙaranci, ko matsakaici? Akwai kuma gurbin asali: buƙata ce aka gindaya, kiyasi ne, lissafi ne, ko aunawa aka yi?

Kada ka raina gurbin ma'aunin nan. A Satumban 1999 NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wata manhaja a ƙasa tana fitar da ƙarfin tunkuɗa a ma'aunin fam, mai karɓa kuma yana ɗauka a ma'aunin niyuton ne. Bambancin ninki 4.45 ne. Lamba ta wuce daga hannu zuwa hannu ba tare da ma'auninta ba.

Gurbin asali kuwa yana maganin wata cuta da duk wanda ya taɓa irin wannan aiki ya sani. Ni kaina na taɓa gina lissafi na makonni a kan wata lamba da na gani a zanen da na gada a ɗakin bincike, daga baya na gano wanda ya rubuta ta cankar ta ya yi don ya cike gurbi. Da zanen ya nuna "kiyasi", da na auna tun ranar farko.

Hanya ta biyu: a ƙirƙiri sabon harshe

Masu ƙera jiragen sama da kayan soja a Amurka sun bi wata hanyar. A shekarun 1990, Steve Vestal na kamfanin Honeywell ya jagoranci gina wani harshe mai suna MetaH. Daga shi aka samo AADL, wanda ƙungiyar injiniyoyi ta SAE ta fitar a Nuwamban 2004, Peter Feiler na cibiyar SEI a jami'ar Carnegie Mellon yana jagorantar ɓangaren fasaharsa.

Bambancin AADL shi ne kalmominsa na asali su ne abubuwan da lokaci ya dogara a kansu: aiki, furosesa, ma'ajiya, hanyar sadarwa, na'urar aunawa. Dole ka faɗi wane aiki ne ke kan wace furosesa. Kowane aiki yana da gurbin zagayensa, wa'adinsa, da tsawon lokacin da yake ci. Bayanan da ayyuka biyu ke rabawa suna da gurbin da za ka faɗi dokar makullinsu. Daga zane ɗaya ana iya fitar da lissafi iri-iri: na wa'adi, na jinkiri daga na'urar aunawa zuwa na'urar aiwatarwa, na nauyin hanyar sadarwa, har da na yadda lalacewar sashe ɗaya ke yaɗuwa zuwa sauran. Wannan yana da muhimmanci, domin kafin nan kowace tawaga da nata zanen, na masu lissafin aminci daban, na masu lissafin lokaci daban, kuma ba a daɗewa suke saɓa wa juna.

A 2008 manyan kamfanonin jiragen sama, ciki har da Boeing da Airbus, suka shiga wani shiri mai suna SAVI don gwada haɗa sassan jirgi a zane kafin a haɗa su a zahiri. Dalilinsu kuɗi ne. Kiyasin da masu binciken SEI suka yi ta kafa hujja da shi ya nuna kusan kashi 70 na kurakuran irin waɗannan manhajoji tun a matakin buƙatu da tsarawa ake shuka su, amma kusan kashi 80 ba a gano su sai an zo haɗa sassa ko bayan haka, lokacin da gyara ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Hanya ta uku: a ɗaure harshen

Faransawa kuma sun tunkari abin ta wata fuska. A shekarun 1980, Paul Caspi da Nicolas Halbwachs a Grenoble suka ƙirƙiro harshen Lustre, Gérard Berry kuma ya ƙirƙiro Esterel. Tunaninsu shi ne a sa manhaja ta yi tafiya da bugun agogo: a kowane bugu ta karanta abin da ya shigo, ta yi lissafi, ta fitar da amsa, ta gama kafin bugu na gaba. Harshen kansa ya hana abubuwan da ke sa lokaci ya gagari lissafi, kamar zagayen da ba a san iyakarsa ba, ko neman ƙarin ma'ajiya ana tsakiyar aiki.

Daga Lustre aka samu SCADE, wadda Airbus ta yi amfani da ita wajen manhajar sarrafa tashin jirage irin su A380, wanda ya fara tashi a Afrilun 2005. Injiniya yana zana akwatuna da layuka, manhaja ta fitar da kod. Saura tambaya ɗaya: shin lissafin zai gama kafin bugu na gaba a kan ainihin furosesar jirgin? Wannan kuma aka miƙa wa wata manhaja mai suna aiT, daga kamfanin AbsInt na Jamus da ya tsiro daga binciken Reinhard Wilhelm a jami'ar Saarland, wadda ke lissafa iyakar lokacin da kod zai iya ci a mafi munin yanayi.

A ganina wannan hanya ce ta fi cika alkawarin fitar da kod daga zane, kuma ta cika shi ne saboda ta rage buri. Ba ta ce za ta zana kowace irin manhaja ba. Ta zaɓi fanni ɗaya, ta hana injiniya wasu 'yancin, ta samu tabbaci a madadinsu.

Abin da ya rage

Kada mai karatu ya ɗauka an gama. Akwai aƙalla matsaloli uku da har yanzu ake fama da su.

Ta farko, lissafi ba ya fin lambobin da aka ba shi inganci. Duk hanyoyin nan suna buƙatar sanin tsawon lokacin da aiki ke ci, wannan kuwa ƙara wuya yake yi. Furosesoshin zamani suna da dabarun hanzari da ke sa layin kod ɗaya ya yi sauri yanzu, ya yi jinkiri anjima. Idan kuma furosesa tana da ƙwaƙwalwa huɗu ko takwas da ke raba ma'ajiya ɗaya, aikin da ke kan ɗaya yana iya jinkirta na kan ɗayar ko da babu abin da ya haɗa su. Hukumomin kula da lafiyar jiragen sama sai da suka fitar da takarda ta musamman a kan wannan, CAST-32A, a 2016.

Ta biyu, ba kowane hali ne ke aunuwa da lamba ba. Lokaci yana da sakan, wuta tana da wat. Tsaro fa, ko sauƙin amfani, ko sauƙin gyara? Tun 1992, John Mylopoulos da Lawrence Chung da Brian Nixon a Toronto suka ba da shawarar a ɗauki irin waɗannan a matsayin burin da ba a cika shi ɗari bisa ɗari, sai dai a kai matakin da ya wadatar, a kuma zana yadda suke cin karo da juna. Ka ƙara matakan tantance mai shiga, tsaro ya ƙaru, sauri da sauƙi su ragu. Zanen zai nuna maka cinikin, amma ba zai yanke maka hukunci ba. Jan Jürjens ya yi wa UML ƙarin tsaro mai suna UMLsec a farkon shekarun 2000, sai dai bai bazu a masana'antu kamar yadda lissafin lokaci ya bazu ba.

Ta uku, yawancin masu rubuta manhaja ba sa yin zanen ma sam. A 2013 Marian Petre ta wallafa hirarrakin da ta yi da ƙwararrun injiniyoyi 50 a kamfanoni 50, 35 daga cikinsu ba sa amfani da UML ko kaɗan. Zane mai ɗauke da hali ya samu gindin zama ne a inda kuskure ke cin rai ko dukiya mai yawa, kuma hukuma ke neman hujja: jiragen sama, jiragen ƙasa, tashoshin nukiliya, motoci. A motoci, tsarin AUTOSAR da aka kafa a 2003 sai a 2009 ya samu nasa ɓangaren bayyana lokaci, wato su ma sun maimaita tarihin UML, tsari da farko, agogo daga baya. Masu manhajojin intanet kuwa galibi sun zaɓi su saki manhaja, su auna ta tana aiki, su ƙara sabar idan ta yi nauyi. Wannan yana yi musu aiki saboda suna iya gyara a kowace rana. Mai kumbo a Mars ko mai birkin mota ba shi da wannan gatan.

A yau Pathfinder ya zama darasin aji. Masu koyar da AADL suna bai wa ɗalibai zanen manhajarsa, da ayyukanta da fifikonsu da makullin nan da suke rabawa. Ɗalibi ya saka zanen a Cheddar, wata manhajar lissafin wa'adi da aka gina a jami'ar Brest ta Faransa, sai jadawali ya fito yana nuna babban aiki a tsaye yana jira har wa'adinsa ya wuce. Ya canza layi ɗaya, ya kunna aron matsayi, ya sake gwadawa, matsalar ta ɓace. Gaskiya ne cewa gano kuskuren da ka riga ka san yana nan ya fi sauƙi, kuma dole wani ya fara rubuta a zanen cewa ayyukan biyu makulli ɗaya suke rabawa, abin da a 1997 yake ɓoye a can cikin tsarin VxWorks. Amma aƙalla yanzu akwai gurbin da za a rubuta shi, akwai kuma na'urar da za ta karanta.

Idan wata rana aka kawo maka tsarin wata manhaja, ta makaranta ce ko ta asibiti ko ta kasuwancinka, aka jera maka abubuwan da za ta yi, ka ƙara da tambayoyin da MARTE ke yi wa kowace lamba. Cikin sakan nawa? Ga mutum nawa a lokaci guda? A kan wace na'ura da wane irin intanet? Sannan wannan amsar da aka ba ka, aunawa aka yi ko kiyasi ne?